Tambaya da Amsa: Me kwaɗin fadamarmu suke ci, kuma me ya sa suke raguwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan kwaɗi ne, kuma ba mamaki, ruwa ya zauna, fadamun Kebbi sun cika tun daga Augie da Argungu har Bunza da Suru, duk wanda ke kwana kusa da gulbi ko kududdufi ya san kukan da ake sha da dare. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomin shinkafa ne nan fadamar Suru, na haura shekara sittin. Yaran da ka yi min aiki sun ce wai kwaɗi ne ka yanke min shinkafa tana ƙarama, suna so in sawo magani a zuba cikin ruwa. Ni dai ban yarda ba don tun muna yara da kwaɗi muka tashi muna noma. Shin mi kwaɗo ka ci, kuma wa ya tabbatar? Daga wani dattijo a Suru.

AMSA: Baba Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, gaskiyarku ce, dan Allah kada ku bari a zuba komai a ruwan nan. Kwaɗo in ya girma nama yake ci, kuma ba kowane nama ba sai mai motsi, in ka ajiye masa mataccen ƙwaro a gabansa zai iya zama yana kallonsa bai taɓa ba amma da ƙwaron ya motsa ƙafa sai ka ga harshe ya fita ya koma kafin ƙiftawar ido. Harshen nasa a gaban baki yake liƙe ba can ciki irin namu ba, shi ya sa yake iya wurgo shi waje, ga shi da yauƙi mai danƙo. Ba ya tauna, haɗiya yake ɗungurungum, in kun lura lokacin da yake haɗiyar yana runtse ido, idanun ne ke nutsewa ciki suna taimaka masa tura abincin zuwa maƙogwaro. To dabbar da bakinta yake haka ina za ta yanke karan shinkafa? Masu haƙori a cikinsu ma haƙoran ƙanana ne na riƙe abin da aka kama kada ya kuɓuce, shi kuwa kwaɗon gida mai kuraje a baya ko haƙori ɗaya ba shi da shi.

Sai maganar wa ya tabbatar, kuma wallahi na ji daɗin wannan tambayar fiye da ta farkon. An tabbatar, kuma ba can wata uwa duniya aka yi aikin ba, nan maƙwabtanmu ne Malanbil a arewacin jamhuriyar Benin, garin da ke bakin kogin Neja tsallaken Gaya, wanda mutanen Kamba da Lolo ke cin kasuwarsa. Wasu masana biyu daga gidan adana halittu na Balin a Jamus, Mareike Hirschfeld da Mark-Oliver Rödel, sun duba cikin burduddugi guda 291, wato babban kwaɗon ruwan nan mai idanu a saman kai wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis, suka fitar da sakamakon a 2011. Guda 83 sun kama da kansu suka wanke musu ciki da ruwa, sauran 208 kuma tumbinsu suka karɓa a hannun masu kamun kwaɗi da dama sun riga sun yanka. Kashi 21 cikin 100 cikinsu fayau babu komai. A waɗanda aka wanke wa ciki abin da ya fi yawa shi ne ƙwari masu taurin baya dangin buzuzu, da dangin malam buɗe littafi, da dangin tururuwa da cinnaka. A waɗanda aka yanka kuwa ƙananan kifaye ne a gaba, sai masu taurin bayan, sai gizo-gizo. Shinkafa ba ta cikin lissafin abincinsa. In ma an ga ɗan guntun ganye a cikin kwaɗo to tare da ƙwaron da ke kai ya haɗiye shi.

Amma fa ba zan ce muku duk abin da yake ci alheri ne gare ku ba. Burduddugi ba ya zaɓe, duk abin da ya gifta kuma ya shiga bakinsa ya tafi, gizo-gizon da yake ci shi ma mai kama muku ƙwari ne a gona, kuma mai kiwon kifi da ya zuba ƙananan 'ya'yan tarwaɗa yana da hujjar korarsa daga bakin tafkinsa. Ku dai da kuke noman shinkafa riba kuke ci da shi, dare guda yana sintiri tsakanin kunyoyi ba ku biya shi ko sisi ba.

Abin da nake ba ku shawara, ku sa yaran su kawo muku shinkafar da aka yanke ku duba da idonku. In yankan a karkace yake kusa da gindi kuma an bar karan a zube, ɓera ne. In kuwa ganyen tsakiya ne ya bushe sauran na kore, ka ja shi ya zaro ba wuya, to tsutsar cikin kara ce, ku tsaga za ku same ta ko kashinta. Maganin da za a zuba a ruwa kuma kwaɗo ne zai fara mutuwa tunda shi ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa, wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata ne, duk abin da ke cikin ruwan kai tsaye jikinsa zai shiga, bayan shi sai kifi, sannan a ƙasan ku akwai masu ɗiban ruwan nan su sha su shayar da dabbobi. Ko maganin ciyawar da ake feshi da shi, an gwada an ga wasu nau'o'insa na kashe talibambam in ya gangara cikin ruwa, shi ya sa nake roƙon masu feshi su daina wanke tankin feshi a bakin kududdufi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce aji huɗu sashen nazarin halittu a wata jami'a nan Kebbi. Sufabaiza na ya ce in yi firojet kan ire-iren kwaɗin da ke fadama da abincinsu. Gaskiya bani da kuɗi sosai, kuma wasu 'yan ajinmu sun ce sai na yanka kwaɗi sama da ɗari, ni kuma zuciyata ba za ta iya ba. Dan Allah ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba da sa'a, kin samu aiki mai kyau kada ki bari kowa ya raina miki shi, kuma ba sai kin yanka ko ɗaya ba. Aikin naki kashi biyu ne, sanin su waye ke wurin, da sanin me suke ci, kuma na farkon ya fi sauƙi.

Ki zaɓi wurare da suka bambanta da juna don ki samu abin kwatantawa, misali gonar shinkafar da ake wa feshi, da gefen fadamar da ba a nomawa, da kududdufin cikin gari inda ruwan kwata ke gangarawa. Da dare ake wannan aikin, daga bayan magariba zuwa wajen goma ko sha ɗaya, daren da aka yi ruwa da yamma ya fi kowanne. Abin da ɗalibai suka fi ɓatawa shi ne daidaita ƙoƙari, yau mutum biyu su yi awa ɗaya a nan gobe mutum biyar su yi awa uku a can sannan a rubuta wai can ya fi kwaɗi, a'a, ki tsayar da adadin mutane da tsawon lokaci iri ɗaya a kowane wuri kowane dare, in ba haka ba lissafin bai da ma'ana. Tocila mai ɗaurawa a goshi ta fi ta hannu don idon kwaɗo na ƙyalli in hasken ya fito daga kusa da idonki. Sannan ki yi amfani da kunnenki, maza ne ke kukan kiran mata kuma kowane iri da muryarsa, akwai waɗanda za ki yi ta jinsu a cikin ciyawa ba ki gansu ba, sai ki ɗauki muryar a wayarki ki faɗi wuri da lokaci a farkon rikodin ɗin. Masu zama cikin ƙasa kuwa sai da tarko, a binne bokitai bakinsu daidai da ƙasa a ja shingen leda ya bi ta kansu, kwaɗo in ya ci karo da ledar sai ya bi gefenta har ya faɗa, amma wajibi ne a duba kowace safiya da sassafe kafin rana ta yi zafi kuma a sa ɗan jiƙaƙƙen soso a ciki, ranar da kika gama aiki a tone bokitan a cike ramukan.

Duk wanda kika kama ki sa shi a ledarsa shi kaɗai da ɗan ruwa, in kika haɗa babba da ƙarami kafin ki isa gida babban ya haɗiye ƙaramin ya ɓata miki lissafi biyu. Hannunki ya zama a jiƙe, ba mai ba turare ba maganin sauro. Ki auna tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen baya, ki ɗauki hoton bayansa da gefensa da cikinsa da tafin ƙafar baya a buɗe da bayan cinya, don a nan ake rarrabe masu kama da juna, musamman dogayen nan masu tsalle da layi-layi a baya dangin Ptychadena da suke wahalar da ko manyan masana. Za ki san kin kusa gama ƙirga ire-iren wuri in kika yi ta fita dare bayan dare ba sabon iri.

To sai wankin ciki. Kayan aikin sirinji ne babba, da siririyar roba mai laushi irin ta ƙarin ruwa, da rariya mai ƙananan ido, da ƙananan kwalabe, da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Mutum ɗaya ya riƙe kwaɗon kansa ya ɗan kalli ƙasa, a buɗe bakin a hankali da wani abu mai laushi marar kaifi, a zura robar ta maƙogwaro har tumbi ba tare da dannawa ba, sai a tura ruwa mai tsabta sannu sannu, za ki ga abincin ya taso ya fito a dunƙule cikin yauƙi ya faɗa rariyar, wani lokacin har da ƙwaron da bai gama mutuwa ba yana motsa ƙafa. A maimaita har ruwan ya fito fari, a juye a kwalba a rubuta lamba da fensir a takarda a jefa ciki, biro sifirit na wanke shi. Kwaɗon ya ɗan huta sai a mayar da shi daidai inda aka kamo shi. Kada ki bari a kwana, cikin awa biyu zuwa uku da kamu ake yi, don narkewar abincinsu na da sauri, in kika jira safe tsutsa da tana duk sun narke sai fukafukai da kawunan tururuwa za ki samu ki zaci su kaɗai yake ci. Ƙananan kwaɗi 'yan mitsi-mitsi ki ƙyale su, robar za ta ji musu ciwo. Kuma karon farko ki sa wani da ya iya ya nuna miki a lab, ba a koyon wannan daga karatu kawai.

Akwai darasi a aikin Malanbil ɗin da na ba Baba labari a sama, kin ga kifi ya fito da yawa a waɗanda aka yanka amma kaɗan a waɗanda aka wanke, su kansu masu binciken sun ce galibi daga hanyar dubawar ce bambancin ya zo ba daga wurin kamu ba. A ganina kifi in ya shiga da kai ƙayoyinsa na tokarewa ruwa bai fiddo shi da sauƙi. Saboda haka in akwai masu kamun kwaɗi kusa da ku ki roƙe su tumbin da dama zubarwa suke, kin samu hanya ta biyu ba ki kashe komai ba, kuma ki faɗi wannan raunin a rubutunki da bakinki kafin a tambaye ki ranar difens.

A lab ki ware abincin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba sai kin kai ga sunan kowane ƙwaro ba, rukuni ya isa, tururuwa, gara, fara da gyare, masu taurin baya, gizo-gizo, tsutsa, kifi. Ki ƙirga guda nawa, a cikin kwaɗi nawa aka samu, sannan ki auna tsawo da faɗin kowanne don girma, saboda kiyashi hamsin ba su kai fara ɗaya cika ciki ba, in kika tsaya kan ƙirga kawai za ki ce kiyashi ne babban abincinsa alhali ba haka ba ne. In da hali ki binne 'yan kofuna a wurin ki kama ƙwarin da ke yawo, ta haka za ki gane ko zaɓe yake ko kuwa abin da ya fi yawa a wurin yake ci. Daren da shinge, wato gara mai fukafukai, ya tashi kuma ki rubuta shi daban, don ranar kowane kwaɗo cikinsa shinge ne fal.

Magana ta ƙarshe gare ki wadda ta fi duk na baya, lafiyarki. Halin tsaron da ake ciki ba a shiga daji da dare, ki zaɓi fadamar da ke jikin gari, ki sa sashenku ya ba ki takarda ki kai wa hakimi ko mai unguwa, a sanar da 'yan banga kada su ga tocila na yawo su zaci wani abu ne, kuma ki tafi da yayanki ko wani muharraminki da mai gonar. Takalmin roba mai tsawo dole ne, inda kwaɗi suka taru macizai na zuwa cin su, kuma ruwan fadama mai dodon koɗi shi ke ba da tsargiya, kada ki shiga da ƙafa tsirara.

TAMBAYA: Malam wai ina kwaɗi suke zuwa da rani? Kakata ta ce da ruwan sama suke faɗowa shi ya sa ake ganin ƙanana birjik bayan an ɗauke ruwa. Kuma iri nawa ne? Daga wani matashi a Argungu.

AMSA: Ɗan'uwa ka gaida min da Kaka, abin da ta gani gaskiya ne, ƙananan na cika hanya bayan ruwa, sai dai daga kududdufi suke fitowa ba daga sama ba. Ruwan farko iyayen suka yi ƙwai, ƙwan ya zama talibambam mai wutsiya, cikin 'yan makonni, wasu ko wata ba sa kaiwa, ƙafafu su fito wutsiya ta shanye, sai su yi ta jira a bakin ruwa don in suka fita kan busasshiyar ƙasa rana za ta busar da su, da an yi ruwa ƙasa ta jiƙe sai su watsu gaba ɗaya lokaci guda.

Da rani kuwa kowane iri da dabararsa, kuma nan ne abin yake burge ni ƙwarai. Burduddugi yana komawa inda ruwa ba ya ƙafewa, bakin gulbi irin Matan Fada da rijiyoyin lambu. Wani babba mai faɗin baki dangin Pyxicephalus tona ƙasa yake ya shige, ya yi ta saɓar fata tana taruwa a jikinsa har ta zama masa kwanson da ke hana ruwan jikinsa fita, hanci kawai a buɗe, ya kwanta haka watanni har ruwa ya jiƙa ƙasar. Akwai ɗan ƙarami mai tsinin hanci, Hemisus, shi da kai yake tona ƙasa ba da ƙafar baya ba, gara da tururuwa yake ci, macen a rami take ƙwai kusa da ruwa ta zauna a kansu tana gadi. Akwai na kan ciyawa Hyperolius nitidulus wanda 'ya'yansa ba sa ɓuya ma sam, suna manne a jikin busasshen kara cikin rana tsaka, su naɗe ƙafafu a jiki, fatarsu ta koma fari fat tana mayar da hasken rana. Sai wanda ya fi ba ni mamaki, wani mai jan baya da baƙin gefe, Phrynomantis microps, a cikin gidan gwano yake yin rani, gwanon nan mai wari da harbi da ke kashe wasu kwaɗin ya cinye, amma shi fatarsa na fitar da wani sinadari da ke hana su harbinsa, Rödel ɗin nan da abokan aikinsa ne suka bayyana yadda abin yake a 2013. Duk waɗannan na ƙasar ciyawa ne irin tamu a Afirka ta Yamma, ba na wata nahiya ba.

Yawan iri kuwa, dangin nan masu rayuwar ruwa da tudu sun haura 8,000 a duniya kuma mafi yawansu kwaɗi ne, ƙasashe masu zafi da ruwa suka fi yawansu, Barazil kaɗai tana da sama da 1,000. Najeriya na da sama da 100, sun fi taruwa a dazuzzukan Kuros Riba da tsaunukan Obudu da Mambila. Mafi girma a duniya yana Kamaru da Ikwatoriyal Gini, yana kai santimita 32 da nauyin sama da kilo 3. A dutsen Nimba na Gini kuma akwai wata 'yar ƙarama da ba ta ƙwai, ciki take ɗauka wata tara ta haifi 'ya'ya da ƙafafunsu.

TAMBAYA: Malam kwaɗi sun dame ni a banɗaki da gindin randa, yarana na wasa da su, maƙwabciyata ta ce in watsa musu gishiri. Suna da dafi? Daga wata uwa a Jega.

AMSA: Hajiya wanda ke shiga gida yawanci mai kurajen nan ne, bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin ruwa mai ɗaci in an matsa masa, shi ya sa kare in ya cafke shi yake ta kumfar baki. Taɓa shi ba ya sa kuraje, amma ruwan in ya shiga ido ko baki yana da zafi kuma yana da illa, sai a hana yara sa shi a baki, su wanke hannu da sabulu, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, in yaro ya haɗiyi wani abu daga jikinsa a kai shi asibiti. Gishiri kuwa dan Allah kada ki watsa, ruwan jikinsa yake zuƙewa ya mutu a wahalce. Sanyi da ƙwarin da ke taruwa gindin fitila ne ke kawo shi, kyankyasai da kiyashi da gara yake rage miki. Ki sa tsintsiya ki tura shi a bokiti a kai bayan gida, a toshe ƙasan ƙofa, a rufe randa da bakin rijiya.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata kamun burduddugi ce, muna kamawa da dare mu ƙyafe mu zuba a buhu 'yan kudu su saya, da ita nake ciyar da iyalina. Amma gaskiya yanzu sai mun yi tafiya mai nisa kafin mu cika buhu, kuma manyan sun yi wuya. Za su ƙare ne? Kuma wasu na cewa haram muke ci. Daga wani magidanci a yankin Bagudo.

AMSA: Malam Allah ya sa albarka a nema, ba zan zage ka ba kuma ba zan ɓoye maka ba. Abin da ka lura da shi, nisa na ƙaruwa girma na raguwa, ita ce alamar da ake gani a duk abin da ake kama fiye da yadda yake haihuwa, masunta sun san ta a kifi. Kasuwar nan ba ƙarama ba ce, wani bincike da Abiodun Onadeko na jami'ar Legas da Meike Mohneke da abokan aikinsu suka fitar a 2010 ya nuna 'yan kasuwa 32 kacal a kudu maso yammacin Najeriya suna juya kwaɗi sama da miliyan 2.7 a shekara, mafi yawa daga arewa da maƙwabtan ƙasashe ake kai musu, kuma burduddugi ne kan gaba. Yanzu ka ƙara da maganin feshi, da masu zuba gubar nan Gamalin a ruwa don kifi, da fadamun da aka mayar gonakin rani kakaf ba a bar ko ɗan gefe ba.

A lissafin duniya burduddugi bai shiga sahun masu fuskantar ƙarewa ba tukuna don yana da faɗin ƙasa, ko da yake danginsa gaba ɗaya suna cikin wani hali, ƙididdigar da aka fitar a 2023 kan iri 8,011 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na cikin barazana. Amma kasancewarsa da yawa a Chadi ko Kamaru ba zai cika maka buhu a Bagudo ba, a fadamarka zai iya ƙarewa ƙarƙaf. Indiya ta taɓa zama babbar mai sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi har sai da ta hana fitar da su a 1987, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yawaitar ƙwari a gonakin shinkafa da kuɗin maganin feshi.

Abin da ke hannunku ku masu sana'ar, manyan nan da kuka fi so yawancinsu mata ne masu ƙwai, don a burduddugi mace ta fi namiji girma. In kuka haɗa kai da sarkin ruwa da masu gari kuka ɗaga ƙafa a farkon damina lokacin da suke ƙwai, kuka bar ƙanana, kuka ware wasu tafkuna da ba a taɓawa shekara guda ana juyawa, za su farfaɗo da sauri don suna da yawan haihuwa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi, ai haka ake tsare ruwan Matan Fada ba a su a cikinsa sai lokacin bikin kamun kifi. Kuma talibambam ɗin burduddugi ba kamar na sauran da ke kankarar gansakuka ba ne, shi mafarauci ne, yana cin 'ya'yan wasu kwaɗin da tsutsar sauro, to ka ga kududdufin da aka kwashe iyayen ba ƙaramin abu aka cire masa ba. Masu tunanin kiwo kuma su sani yana da wuya, sai abinci mai motsi kuma manya na cinye ƙanana sai an yi ta rarraba su, kuma ko da wasa kada wani ya kawo baƙon iri daga wata ƙasa, Ostireliya ta shigo da wani kwaɗo a 1935 don ya cinye ƙwarin rake, ƙwarin bai ci ba, shi kuma ya bazu yana kashe namun dajinsu da dafinsa har yau.

Batun halal da haram ba fagena ba ne, abin da zan iya faɗa shi ne akwai hadisi a Abu Dawud cewa wani likita ya tambayi Annabi (SAW) kan sa kwaɗo a magani sai ya hana kashe shi, a kan haka mafi yawan mazhabobi suka hana ci, Malikiyya kuma suna lissafa shi cikin dabbobin ruwa da aka halatta. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa a garinku ka zauna da shi ka faɗa masa yadda sana'ar take dalla-dalla. Sannan ina roƙonka wata alfarma, in ɗalibai irin ƙanwar nan tamu ta Birnin Kebbi suka zo neman tumbin da kuke zubarwa ku ba su, ku kuma bari su auna tsawon abin da kuka kamo su rubuta wata da wurin kamu, shekara biyu ko uku ana haka ku da kanku za ku ga a takarda ko girman na raguwa ko kuwa hutun da kuka ba tafkunan ya yi aiki.